Matakin Giya Mai Kai Biyu

Da hantsi Sharfaddeen ya fara ganinta, tana turo babur daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Parakou, wadda mutanen gari ke kira Gare. Babur ɗin tsoho ne, dogo, irin na shiga daji, fentinsa ya koɗe amma an wanke shi fes. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, hular kwano na rataye a hannunta, ba ta kuma nemi kowa ya taya ta ba, duk da direbobin manyan motoci da ke shan shayi a gefen hanya suna ta yi mata sannu.

Ta tsaya a bakin rumfarsa ta yi sallama. Ta ce giya ta maƙale mata tun daga kasuwa, matakin kuma sai lilo yake yi kamar haƙorin tsohuwa.

Sharfaddeen ba mai gaggawa ba ne. Ya jawo mata benci, ya durƙusa a gefen hagu na babur, ya kama matakin giyar da yatsu biyu ya girgiza. Ya bayyana mata cewa idan mataki ya saki, wuri uku ake dubawa. Na farko notin da ke matse shi. Na biyu ƙananan haƙoran da suka haɗa shi da sandar da ta shiga cikin inji. Na uku sifirin da ke ciki, mai maido da mataki wurinsa bayan an taka. Ya nuna mata yadda matakin ke motsi shi kaɗai, sandar kuwa tana tsaye cik.

"Wannan albishir ne," in ji shi. "Ciwon a waje yake, bai shiga ciki ba."

"Kowa da ya zo haka kake karantar da shi, ko ni ce ka ga alamar daƙiƙiya?"

Ya yi murmushi bai ɗago kai ba. Ya ce wanda ya san ciwon babur ɗinsa ba a cutarsa a hanya. Ya ɗaure notin, ya tayar da inji, ya gwada giya ɗaya bayan ɗaya har ta sauka lafiya. Da ta tambaye shi me zai hana a yi masa walda a huta, sai ya girgiza kai, ya ce walda tana rufe bakin ciwo ne kawai, ranar da za a buɗe inji kuma sai an yi kuka.

Sunanta Munira. Gidansu yana unguwar Ladjifarani, 'yar Alhaji Bachir ce mai sayen ƙwallon yazawa, ita ke kai saƙo tsakanin sitonsu da dillalai. Shi kuwa mutumin Gaya ne ta ƙasar Nijar, kawunsa Issaka, direban babbar mota, ya kawo shi Parakou tun yana saurayi. Kafin ta tafi ta karɓi lambarsa, wai ko da babur zai sake yi mata gardama. Ranar sai da ya nemi sifanarsa sau da yawa, alhali tana aljihunsa.

Ba a rufa wata ba sai ga saƙonta.

"Ɗan Gaya, haƙorin tsohuwa ya sake kaɗawa. Ko dai da gangan ka ƙi ɗaurewa don in dawo?"

Ya amsa: "Da na san haka ake yi, da tun farko ban ɗaure ba. Ki kawo shi, Hajiyar Ladjifarani, bencinki na nan."

Wannan karon bai tsaya a noti ba. Noti ba ya kwancewa sau biyu babu dalili. Ya zare matakin gaba ɗaya, ya wanke bakinsa da fetur da tsohon buroshi, ya ɗaga shi a rana. Haƙoran sun cinye, amma a gefe ɗaya kawai, matakin kansa kuma ya ɗan lanƙwasa zuwa waje. Ya sa zarto ya faɗaɗa tsagar da noti ke matsewa, don bakin ya samu damar kama sauran haƙoran, ya miƙar da ƙarfen, ya sa sabon noti. Yana aiki yana satar kallon ƙafarta, ƙarama cikin takalmi mai igiya. Wannan ƙafar ba za ta lanƙwasa ƙarfe ba.

Ya tambaye ta ko akwai mai hawan babur ɗin bayan ita. Ya yi ƙoƙari muryarsa ta fita daidai, amma ba ta fita daidai ba, domin ya riga ya ji labarin Abdoulaziz, ɗan baffanta mai shagon kayan babur a kasuwa, wanda aka ce Alhaji na yi masa sha'awar Munira.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta yi dariya har da riƙe benci. Ta ce babur na Baba ne, ya saye shi tun ba a haife ta ba, kuma duk duniya babu mai taɓa shi sai shi sai ita. Da shi yake zagaya gonakinsa na yazawa a Bariénou, can ƙasar Djougou, inda mota ba ta shiga. Abdoulaziz ko makullin bai taɓa riƙewa ba.

"Kishi da tsohon ƙarfe, Sharfu?"

"Ba da ƙarfen nake ba, Muni."

Daga ranar magana ta fito fili. Takan biyo ta Gare ko babur lafiyarsa lau, ta kawo masa sakwara da wagashi, wato soyayyen cuku, a kwanon sha, ta zauna tana tsokanarsa cewa yana magana da injuna fiye da yadda yake yi da mutane. Shi kuma yakan saurare ta har baƙin mai ya bushe a hannunsa. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: mutumin da ya shekara arba'in a kan babur ba ya fizgar mataki zuwa gefe. Sabon koyo ke yin haka.

Da abin ya yi nisa, Kawu Issaka ya sa babbar riga ya je Ladjifarani neman izini. Ya dawo jiki a sanyaye. Alhaji Bachir ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi goro, sannan ya ce su gidansu tun zamanin fataken goro suke Parakou, kaburburan kakanninsu na nan, bai kuma saba ba da 'ya ga wanda gobe zai iya naɗe tabarmarsa ya haye kogi ya koma gida ba. Sai dai Hajiya Hafsatou, mahaifiyar Munira, ta sa baki daga cikin gida, ta ce ko ba a ba shi ba, a bar yaro ya zo ya yi gaisuwa a gan shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Sharfaddeen ya shiga zauren Alhaji. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin tabarma, ya sunkuyar da kai kamar yadda mai neman aure ke yi, domin ba a kallon idon suruki. Saboda haka da Alhaji ya fito daga cikin gida, bai ga fuskarsa ba. Ƙafafunsa ya gani.

Ƙafar dama ta taka kamar ta kowa. Ta hagu kuwa sai da aka ɗaga gwiwa sama, tafin ya rataya kamar ba shi da mai shi, ya sauka da ɗan ƙara a kan siminti. Bakin takalmin hagu ya goge har ya yi fari, na dama kuma kamar sabo. Rigar Alhaji doguwa ce tana jan ƙasa, wanda ke tsaye ba zai ga komai ba. Sai wanda ya durƙusa.

Nan take ya gane. A irin wannan babur, in za a ƙara giya da yatsun ƙafa ake ɗaga mataki sama. Mutumin da tafinsa ya daina ɗagawa sai ya cusa ƙafar a ƙarƙashi ya fizgo da cinyarsa gaba ɗaya. Abin da ya cinye haƙoran ke nan. Kuma da wannan ƙafa dattijon ke hawa titin Djougou, tsakanin manyan motocin auduga.

Alhaji ya yi masa tambayoyi a kan iyayensa da sana'arsa, ya amsa, amma daga baya bai iya tuna abin da ya ce ba.

Ya kai maganar wurin kawunsa ba tare da ya kama suna ba. Ya ce idan mutum ya ga wata larura a jikin wanda yake neman 'yarsa, kuma mai larurar yana ɓoyewa, me ya kamata ya yi? Kawu Issaka ya ajiye kofin shayinsa ya ce ko ɗan cikin mutum ba ya buɗe baki a kan jikin ubansa sai an tambaye shi, balle mai neman aure da ba a ma amsa masa ba. Ya ce ya ja bakinsa ya yi shiru har a ɗaura, daga nan ya raɗa wa matarsa, ita ta san yadda za ta bi.

Shawarar tana da ma'ana, Sharfaddeen ya sani. Amma kakar yazawa ta kama, Alhaji ya kusa komawa Bariénou. Ya yi tunanin gaya wa Munira, sai ya ga kamar ya ɗaga rigar dattijon ne a bayan idonsa. Mutum ya yi wannan ɗawainiya ya ɓoye abu ga matarsa da 'yarsa, ba wanda ya fi cancanta ya fara jin an gano sai shi. Yana cikin wannan juyi sai maganarsa ta ragu, saƙonninsa suka gajarce. Munira ta fassara abin da nata hankalin.

"Tun da ka fito daga zauren Baba ka canja. In tsoro ya ba ka, ka faɗa mini, in san da wa nake."

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. A ƙarshe ya aika: "Ban canja ba, Muni. Wani abu nake aunawa, ki ƙara mini haƙuri. Kada dai a taɓa babur ɗin Baba sai na gan shi."

Ba ta amsa ba. Daga baya ya ji cewa matakin ya sake saki ana gobe za su tafi, Abdoulaziz kuma, da zuciya ɗaya, ya kai shi wurin mai walda aka narke shi da sandar, don baffansa ya huta da jeka-ka-dawo. Alhaji ya hau ya nufi Djougou, Munira ta bi shi a mota don ta riƙe masa awo.

Sai wata safiya wayarsa ta yi ƙara.

"Ina fushi da kai, amma ba shi ya sa na rubuto ba. Giya ta ƙi shiga a kan gangare, Baba ya faɗi cikin gona, ya ɗan kuje a hannu. Makanikin nan ya ce sai an buɗe inji, kuma ba ya iya cire matakin saboda walda. Baba ya ce ba wanda zai fasa masa babur da guduma."

Ya amsa da kalma biyu: "Ina hanya."

Ya san abin da ya faru tun bai gani ba. Da can in aka fizga, haƙoran waje ne ke sakin jiki su karɓi wahalar. Da aka yi walda, sai ƙarfin ya wuce ciki. Ya ɗauki sabuwar sandar giya da sifirin, sannan ya bi ta kasuwa ya sayi mataki iri biyu. Ya shiga motar Djougou, ya haye gadar Bétérou yana ta tsara magana a zuci, kowace ya tsara sai ya ji ta yi nauyi. Daga Djougou ya hau ɗan zem, wato ɗan acaɓa, zuwa Bariénou.

Ya same su a ƙarƙashin wata babbar yazawa, ƙamshin ruɓaɓɓun 'ya'yanta ya cika wurin. Alhaji na zaune a tabarma da carbi, ya lulluɓe ƙafafunsa da riga. Munira ta yi masa sannu da zuwa a taƙaice, ta ajiye masa ruwa, ta koma can nesa wurin matan da ke awon ƙwallo.

Babu wuta a gonar, don haka da zarto da magagari ya bi waldar, a hankali, don kada ya taɓa jikin inji. Sai da rana ta karkata matakin ya fita. Ya tsiyaye baƙin mai a roba mai tsabta, ya koma gefen dama ya buɗe murfi, ya jera notuna a kan tsumma bisa yadda ya ciro su. Sifirin ya karye gida biyu, sandar ta murɗe. Ya zare ta, ya sa sabuwa, ya mayar da komai wurinsa, ya zuba mai. Duk wannan aiki Alhaji na kallo.

Saura mataki. Sharfaddeen ya wanke hannu, ya ɗauko guda biyun da ya saya, ya je ya durƙusa a bakin tabarma ya ajiye su. Ɗaya irin na da ne. Ɗayan mai kai biyu ne, gaba da baya, wanda ake taka gaba da yatsu, a taka baya da diddige, babu buƙatar ɗaga komai.

"Baba, ku yi mini afuwa, zan faɗi abin da ba hurumina ba ne. Babur ɗin nan ba shi da laifi. In na mayar da irin na da, zai sake saki, domin ƙafar da ke hawansa ba ta ɗagawa."

Carbin ya tsaya. Can nesa ana jin matan awo suna gardama da wani manomi cikin harshen Dendi.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ranar da na zo gaisuwa na gani."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Har ita?"

"Har ita, Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallon bishiyoyinsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa, kamar ba da shi yake ba. Ya ce ciwon mahaifinsa ma da ƙafa ya fara. Ranar da aka sani, aka karɓe masa makullin sito don tausayi, aka shimfiɗa masa buzu a zaure, aka riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kurma. Daga baya aka kai shi asibiti aka yanke ƙafar, bai sake shekara ba. Ya ce waɗannan itatuwa da hannunsa ya dasa su, ba ya son a riƙa kawo masa labarinsu a baki.

Sannan ya juyo ya ɗauki mataki mai kai biyu, ya jujjuya shi. Shi ɗan kasuwa ne, ya gane amfanin abu da gani ɗaya.

"Ɗaura wannan. Ka manta abin da ka gani. In mun koma Parakou, kawunka ya dawo a sa rana."

Abin da Sharfaddeen ya kwana yana roƙon Allah ke nan, ga shi an ajiye masa a tabarma. Ya hango Munira tana rubuta wani abu a tafin hannunta, tana satar kallonsu.

Ya ce matakin zai ɗaura shi, don shi ya kawo shi. Maganar ƙafa kuma ba zai kai wa kowa ba, ba tasa ba ce. Amma ba zai iya cewa ya manta ba, kuma idan Munira ta tambaye shi ba zai yi mata ƙarya ba. Ya ce wannan ƙarfe zai sauƙaƙa tuƙi ne kawai, ba zai hana ciwo ci gaba ba, shi kuma iyakar saninsa babur, ƙafa sai likita.

"In kun ba ni ita a kan in yi shiru, Baba, kullum zan shiga gida in dube ta da abin nan a cikina. In wani abu ya same ku a hanya, ban san da wane ido zan kalle ta ba."

Fuskar Alhaji ta ɗaure. Ya ce lallai an yi masa bayanin mutanen hayin kogi, bai yarda ba sai yau. Yaro ya zo neman 'yar mutum, ya tsaya yana ƙirga masa gaɓoɓi. Ya ce ya gama aikinsa ya kama hanya, kada kuma ya sake ganin kawunsa a zaurensa.

Sharfaddeen ya ce to. Ya ɗaura matakin, ya daidaita tsayinsa yadda diddige zai same shi ba wahala, ya matse notin, ya gwada giya duka. Ya tattara kayansa ya yi sallama, ba a amsa ba. Munira ta biyo shi har bakin hanya tana tambayar abin da ya haɗa su. Ya tsaya ya dube ta sosai, karo na farko a ranar.

"In kin ce in faɗa, zan faɗa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina roƙonki ki ba Baba dama ya riga ni."

Ta waiwaya ta dubi mahaifinta a tabarma, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce masa ya sauka lafiya.

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Kawu Issaka ya yi faɗa har ya gaji, ya ce bai taɓa ganin wanda aka miƙa wa mata ya tsaya gyaran magana ba. Sharfaddeen bai musa ba. Wani lokaci shi ma yakan tambayi kansa ko gaskiya ce ta sa shi ko taurin kai. Saƙo ɗaya kawai ya samu daga Munira.

"Ban tambaye shi ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma na fara tafiya a bayansa. Sharfu, na gani. Jiya na zuba masa ruwan alwala na ce bari in wanke masa ƙafa, ya ƙi, sai na zauna kusa da shi ban tashi ba. Ina nan inda ka bar ni."

Ana gab da gama kaka, wata safiya yana kwance ƙarƙashin wani babur mai ƙafa uku, sai ya ji ƙarar injin da ya sani. Giya ta sauka ɗaya bayan ɗaya, sumul, babu fizga. Ya fito ya ga Alhaji Bachir a bakin rumfa, bai kashe inji ba.

Ya durƙusa zai gaishe shi, Alhaji ya ce ya tashi, ya gaji da mutanen da ke kallon ƙasa. Ya matsa baya a kan sirdi, ya bar masa gaba.

"Wanke hannunka ka ja mu. Kai ka tono maganar, kai za ka tsaya a ji ƙarshenta. In kuma likitoci suka ɗauko zarto, da kai za a fara."

Haka direbobin Gare suka ga abin da ba su saba gani ba: dattijon Ladjifarani a bayan mai neman 'yarsa, ya dafa kafaɗarsa, suna ratsa gari zuwa asibiti.

Likita ya duba ya yi gwaje-gwaje. Ya ce akwai ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba, ga kuma wata jijiya da ta danne a gefen gwiwa. Babu maganar yanka, matuƙar za a kiyaye abinci da magani. Ya rubuta a yi masa wani takalmi mai riƙe tafin ƙafa, da motsa jiki, ya kuma ce doguwar tafiya a babur sai dai a goya shi, cikin gona kuwa ya riƙa zagayawa a hankali. Ya ƙara da cewa da an ƙara jinkiri, da maganar ta canja. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko sakwara na cikin abin da aka hana. Aka ce a rage. Ya ce wannan likita ma ɗan Gaya ne.

Da kansa ya tara iyalinsa ya faɗa musu. Hajiya Hafsatou ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ita da ke ba da takalmansa gyara ta ɗauka hanyar gona ce ke cinye su. Ba wanda ya karɓi makullin sito. Abdoulaziz ya zo har rumfa ya ba Sharfaddeen hannu, ya ce shi dama Munira ƙanwa ya ɗauke ta, kuma daga yau in an kawo masa maganar walda zai turo mutum Gare. Da yamma saƙo ya shigo.

"Ɗan Gaya, Baba ya ce kawunka ya manta hanyar gidanmu ne? Ka ce masa ya zo da goro mai kyau, mu jikokin fatake ne, muna ganewa."

Ya amsa: "Ki gaya wa Baba ko Gaya za a koma a nemo, za a nemo. Muni, yau ban iya riƙe sifana ba."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Bachir. Mutanen Gare suka zo da manyan motocinsu har suka toshe layi, manoman Bariénou suka zo da doya da zabi, dangin ango suka hayo daga Gaya. Alhaji ya fito da sabon takalminsa na asibiti, duk abokin da ya tambaya sai ya tsaya ya nuna masa yadda ake ɗaura shi, har liman ya yi gyaran murya.

Da za a kai amarya, ya sa aka kira su biyun zaure. Munira na lulluɓe tana sharar hawaye, Sharfaddeen na gefenta. Alhaji ya kama hannunta ya ɗora a kan na mijinta.

"Na ce ba na ba da 'ya ga wanda zai gudu. Na kore ka da bakina, ka tafi, amma ba ka janye maganarka ba. Wanda bai guje mini ba, ba zai guje mata ba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma ki shirya, mijinki ba ya iya gani ya yi shiru. In ya faɗa miki, ki yi fushin kwana biyu kamar ubanki, sannan ki saurara."

Daga cikin lulluɓi Munira ta ce kwana ɗaya ya ishe ta. Hajiya Hafsatou, da ke bakin ƙofa, ta yi dariya cikin kuka.

Alhaji ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, da lafiyar jiki, da arzikin da ba ya raba kan gida. Ya ce Allah Ya sa su tsufa tare, kowannensu yana lura da tafiyar ɗan'uwansa. Aka shafa, mata suka rangaɗa guɗa, aka fita da amarya.